Gubar da ta ɓuya a rijiyoyin Bangladash

A shekarar 1983 wasu mutanen karkara daga jihar Bengal ta Yamma, a ƙasar Indiya, suka riƙa zuwa asibitin makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke birnin Kalkata, dukkansu da ciwo iri ɗaya. Ƙirjinsu da bayansu sun yi ɗigo-ɗigon baƙi, wani wurin da fari-fari a tsakani. Tafin hannu da na ƙafa sun yi kanta mai kauri, ga wasu ƙulle-ƙulle masu tauri da ke tsagewa har su hana mutum riƙe lauje ko taka ƙasa da kyau. A ƙauyuka, wanda aka gani da irin wannan ciwo kuturu ake ce masa. Likitan fata da ya duba su, Dakta K. C. Saha, bai yarda da haka ba. Abin da ya gani ya yi daidai da alamun mutumin da ya shafe shekaru yana haɗiyar sinadarin arsenik kaɗan-kaɗan. To amma daga ina? Mutanen nan ba mahaƙan ma'adinai ba ne, manoma ne. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ruwan da suke sha. Aka ɗebo ruwan famfunan ƙauyukansu aka auna, sai ga gubar a ciki.

Kafin shekarar 1987 likitan ya fara ganin masu irin wannan ciwo da suka tsallako daga Bangladash. Wannan kuwa ya isa ya tayar da hankalin duk wanda ya san yankin, domin iyakar da ta raba ƙasashen biyu a saman ƙasa kawai take. Yashin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne, kuma a Bangladash kusan kowane gida daga wannan yashin yake jawo ruwan sha.

Yadda aka yi aka kai ga haka labari ne na alheri. Bangladash ta sami 'yancin kai a 1971 bayan yaƙi mai muni, shekara guda bayan guguwar teku da ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane. Ƙasa ce mai ruwa ta ko'ina, amma ruwan sha shi ne babbar masifarta. A kududdufin da ake wanka da wanki, inda dabbobi ke sha kuma ambaliya ke kwararo bayan gida, nan mata ke cika tulu. Kwalara da zawo da taifot suna ɗibar yara ba ƙaƙƙautawa, har ya zama fiye da yaro 1 cikin 5 ba ya kai shekara biyar a duniya. Sai asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya haɗa hannu da sashen injiniyoyin lafiyar jama'a na gwamnatin ƙasar, aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse ana ɗora musu famfon tuƙa-tuƙa.

Ƙasar wurin laka ce da yashi, babu dutse, saboda haka ba a buƙatar inji. Mahaƙa kan kafa sandunan gora, su gitta wata doguwa a kai, su ɗaure bututun ƙarfe a bakinta. Wasu suna danna ɗaya bakin, bututun yana hawa yana sauka cikin ramin da aka cika da ruwa. Mutum guda yana bisa, tafin hannunsa a kan bakin bututun. In bututun zai tashi ya toshe, in zai sauka ya ɗaga hannu, sai laka da yashi su yi tsartuwa waje. Cikin kwana ɗaya ko biyu an kai ga ruwa. Da jama'a suka ga sauƙin abin, ba su ƙara jiran gwamnati ba. Duk magidancin da ya sami ɗan rufin asiri sai ya haƙa tasa a tsakar gida. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an kiyasta rijiyoyin sun kai kimanin miliyan 10, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen karkara da su suka dogara. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Rijiyoyin suna da nasu kason a wannan nasara, tare da allurar rigakafi da ruwan gishiri da sukari, wanda shi ma a cibiyar binciken kwalara ta birnin Daka aka tabbatar da amfaninsa.

An auna ruwan rijiyoyin don neman ƙwayoyin cuta, an duba gishirinsa da ƙarfen da ke cikinsa. Arsenik kuwa ba a nema ba. Ba wai duniya ba ta san yana shiga ruwan sha ba ne. Tun shekarun 1960 likitoci a Taiwan suka danganta ruwan wasu rijiyoyi da kansar fata da wata cuta mai sa ƙafa ta yi baƙi ta ruɓe. Birnin Antofagasta na ƙasar Chile ya sha ruwa mai arsenik da yawa daga 1958 zuwa 1970. Sai dai masana ƙasa na lokacin sun ɗauka matsala ce ta wuraren haƙar ma'adinai da duwatsu masu aman wuta. Babu wanda ya zaci za a same ta a shimfiɗaɗɗiyar fadamar shinkafa.

Ashe tun dubban shekaru gubar take kwance a wurin. Duwatsun Himalaya suna ɗauke da arsenik kaɗan, kamar yadda yawancin duwatsu suke. Ruwan sama da ƙanƙara suna zaizaye su, kogunan Ganjis da Brahmaputra suna kwaso yashin suna jibgewa a bakin teku. A hanya, tsatsar ƙarfe kan lulluɓe kowace ƙwayar yashi, ita kuwa tsatsa tana kama arsenik ta riƙe shi gam. Muddin tsatsar tana nan, ruwa lafiya lau yake. Amma yashin ya binnu tare da ruɓaɓɓun ganyaye da ciyayi, inda iska ba ta kaiwa. Akwai ƙananan halittu na bakteriya a can ƙasa da ke cin wannan ruɓaɓɓen abu, kuma idan suka rasa iskar oksijin sai su koma amfani da tsatsar a madadinta. Tsatsar ta narke, arsenik ya saku cikin ruwa. Wasu masana daga Landan da Daka ne suka bayyana wannan a mujallar Nature a 1998. Ba masana'anta ce ta zuba guba ba, ba kuma maƙiyi ba. Bututun rijiyoyin ne ya sauka daidai inda take, domin yawancinsu gajeru ne, sun tsaya a cikin sabon yashi mai launin toka.

Arsenik yana zama cikin ruwa da siffa biyu. Inda akwai iska, kamar kogi ko tafki, yakan zama arsenet. Shi wannan yana ɗauke da cajin lantarki, don haka yana manne wa tsatsa da laka, ya bar ruwan. Shi ya sa ruwan kududdufi, duk ƙazantarsa, ba shi da arsenik mai yawa. Inda babu iska kuwa yakan zama arsenayit, kuma shi ne ya fi yawa a rijiyoyin Bangladash. A ruwan sha na yau da kullum arsenayit ba shi da caji. Yana yawo sakaka, yana da wuyar tacewa, kuma ya fi ɗan'uwansa dafi. Shi ne dai ke samuwa idan aka narkar da farar hodar arsenik, wadda aka daɗe ana kashe mutane da ita a Turai don cin gado. Abin da bai kai rabin giram ba ya isa ya kashe babban mutum da amai da gudawa.

A rijiya ba ya zuwa da yawan da zai kayar da mutum nan take. Aikinsa a hankali yake yi. Ƙwayoyin halittar jikinmu suna da wasu ƙananan ƙofofi da ruwa da sinadarin gilisarol ke bi, kuma da yake arsenayit ƙarami ne marar caji, ta nan yake shigewa. Da ya shiga sai ya nemi farar wuta, wato sinadarin salfa da ke jikin furotin, ya manne mata. Da yawa daga sinadaran da ke tafiyar da aikin jiki da wannan salfa suke aiki, ciki har da wanda ke buɗe hanyar mayar da sukari ya zama ƙarfi. Idan arsenayit ya kama su sai aikinsu ya tsaya. Yana kuma hana jiki gyara ɓarnar da ke aukuwa a ƙwayoyin gado, daga nan ne kansa ke samun ƙofa. Hanta tana iya ƙoƙarinta, tana sauya shi ya fita ta fitsari cikin 'yan kwanaki. Amma mai shan ruwan rijiyar kullum ne yake ƙara sabo. Fata da gashi da farce suna da salfa mai yawa, shi ya sa gubar ke taruwa a cikinsu, har likita ya iya auna ta daga ɗan yankan farce. Alamun fata kan ɗauki shekara biyar zuwa goma ko fiye kafin su bayyana. Kansar fata da ta huhu da ta mafitsara sukan biyo baya da shekaru masu yawa, haka ciwon zuciya da ciwon sukari. Mafi yawan waɗanda gubar ke ci ba sa nuna komai a fata.

Ruwan kuma garai-garai yake, ga sanyi, babu wari, babu ɗanɗano. Tafasa shi ba ya maganin komai, sai ma ya ƙara wa gubar ƙarfi, tunda ruwa ne ke tashi ya bar ta. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 1993 shi ne maikirogiram 10 a kowace lita, wato giram 1 tak a cikin lita 100,000, ruwan da zai cika tankar man fetur uku. Mizanin Bangladash 50 ne. An sami rijiyoyin da suka haura 1,000.

Shekaru goma cur suka wuce tsakanin ganowar Dakta Saha da ranar da hukumomin Bangladash suka tabbatar da arsenik a rijiyoyinsu, a gundumar Chapai Nawabganj, a 1993. Ko a sannan ma an ɗauka matsalar 'yan ƙauyukan bakin iyaka ce. Wanda ya ƙi barin maganar ta kwanta shi ne Dipankar Chakraborti, masanin sinadarai a Jami'ar Jadavpur ta Kalkata. Tun 1988 shi da ɗalibansa suke bin ƙauyuka suna ɗibar ruwa da gashi da farce da fitsari. Ya yi ta rubuta wa hukumomi wasiƙu, wasu jami'ai suna kallonsa a matsayin mai firgita jama'a. A 1995 ya kira taron masana na duniya a Kalkata ya baje abin da ya tara. A cikin Bangladash kuma likitocin Asibitin Al'umma na Daka suka shiga ƙauyuka suna ƙirga marasa lafiya, suka kira nasu taron a 1998. Daga nan ba a ƙara iya musanta abin ba.

A 1998 da 1999 hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya da sashen injiniyoyin lafiyar jama'a suka auna rijiyoyi kusan 3,500 a gundumomi 61 daga cikin 64 na ƙasar. Kashi 27 cikin 100 na gajerun rijiyoyi sun wuce mizanin 50, kashi 46 sun wuce 10. Aka kiyasta mutum miliyan 35 suna shan ruwan da ya wuce mizanin ƙasarsu, miliyan 57 kuma wanda ya wuce na duniya. A shekarar 2000 Farfesa Allan Smith na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka rubuta a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tarihi bai taɓa ganin guba ta shafi jama'a masu yawa haka ba, abin ya zarce hatsarin Bhopal na 1984 da na Chernobyl na 1986. Ita kuwa hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya ta taɓa nazarin ruwan ƙasar a 1992 ba tare da ta auna arsenik ba. Wani ɗan Bangladash da gubar ta illata ya kai ƙara a kotunan Ingila a kan haka, amma a 2006 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta kori ƙarar, ta ce doka ba ta ɗora wa hukumar alhakin lafiyar masu shan ruwan ba.

A ƙauyuka, mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. An saki matan aure saboda tabon fata, an fasa auren 'yan mata, an ƙaurace wa yara a makaranta, an hana wasu ɗibar ruwa a famfon maƙwabta don kada su shafa wa mutane, alhali ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Talaka kuma ya fi jin jiki, domin jikin da ba ya samun abinci mai gina jiki ya fi kasa fitar da gubar.

Da tallafin Bankin Duniya da UNICEF da ƙungiyoyin cikin gida, a farkon shekarun 2000 aka tura ma'aikata gida-gida da ɗan akwatin gwaji. Mai gwajin kan zuba ruwan famfo a kwalba, ya ƙara garin tutiya da asid, ya rufe da murfi mai ɗauke da 'yar takarda. In akwai arsenik sai ya tashi a matsayin iska ya taɓa takardar, cikin kimanin minti ashirin ta koma rawaya, in ya yi yawa ta yi ruwan ƙasa. Mutanen gida suna tsaye suna kallo. Daga nan sai a ɗauko fenti a shafa wa bakin famfon: kore in ya tsira, ja in bai tsira ba. An auna rijiyoyi kusan miliyan 5, kimanin miliyan 1.4 suka sha jan fenti.

Gwajin ya fito da wani abu mai amfani. Rijiyar wannan gida tana iya zama ja, ta maƙwabcinsa da ke 'yan taku kaɗan ta zama koriya, saboda shimfiɗar yashin ƙarƙashin ƙasa ba ta tafiya bai ɗaya. A yankin Araihazar, gabas da Daka, masu bincike na Jami'ar Kolombiya sun gano cewa kusan mutum 9 cikin 10 suna zaune ne ƙasa da mita 100 daga rijiya mai lafiya. Miliyoyin mutane sun tsira ta hanyar komawa famfon maƙwabci kawai. An kuma gano cewa rijiyar da ta wuce zurfin mita 150, ta kai ga tsohon yashi mai launin ja-ja wanda tsatsarsa ba ta narke ba, galibi ruwanta lafiyayye ne. Mahaƙa suka koyi duba launin yashin da ke fitowa daga bututu.

Wani ɗan ƙasar, Abul Hussam, malamin sinadarai a Jami'ar George Mason ta Amurka, ya auna rijiyoyin gidansu a Kushtia ya tarar da gubar. Shi da ɗan'uwansa likita suka ƙera matatar ruwa mai suna Sono daga bokitai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na sama yana da yashi da sarrafaffen ɓarɓashin ƙarfe, na ƙasa yashi da gawayi da fasassun bulo. Arsenayit yana juyewa ya zama arsenet, tsatsar ƙarfen ta kama shi. Wato sun mayar da shi hannun tsatsa, inda yake kafin bakteriya su sake shi. A 2007 Hussam ya ci kyautar dala miliyan 1 daga cibiyar injiniyoyi ta ƙasar Amurka, ya ba da mafi yawanta don a raba matatar ga matalauta.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Fenti ya koɗe, an haƙa miliyoyin sababbin rijiyoyi da ba a auna ba. Wasu da suka gudu daga jan famfo sun koma ruwan kududdufi da zawonsa. Famfon da aka shafa wa kore ma yana iya ninka mizanin duniya har sau huɗu ko biyar. Shinkafar rani da ake shayarwa da ruwan burtsatse tana zuƙar arsenayit ta hanyar da take zuƙar sinadarin silika, ya isa har cikin ƙwaya. Wani bincike da ya bi mutum kusan 12,000 a Araihazar, wanda mujallar Lancet ta buga a 2010, ya danganta kimanin mutuwa 1 cikin 5 a tsakaninsu da arsenik. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce har lokacin mutum miliyan 20 suna shan ruwan da ya wuce mizanin ƙasar, kuma an kiyasta 43,000 suna mutuwa duk shekara. Rahoton ya nuna yadda rijiyoyi masu zurfi na gwamnati ke tafiya ga 'yan siyasa da makusantansu, maimakon ƙauyukan da gubar ta fi yi wa katutu. Kuskuren farko rashin sani ne ya jawo shi. Wannan na biyu kuwa da ido buɗe aka yi shi, kuma shi ya fi ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin mutum miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 suna shan ruwan da arsenik ɗinsa ya wuce mizani. Afirka ta Yamma ma tana ciki. A lardin Yatenga na arewacin Burkina Faso an sami rijiyoyin burtsatse da suka ninka mizanin fiye da sau ɗari, tare da masu tabon fata, haka kuma an daɗe da sanin matsalar a yankin Obuasi na Gana. A waɗannan wurare daga duwatsu masu zinariya gubar ke fitowa, domin ma'adinin arsenik yakan zauna tare da zinariya.

Rijiyoyin Bangladash sun ceci yara marasa adadi, kuma babu mai hankalin da zai ce da ba a haƙa su ba. Abin da ya ɓace gwaji ne guda, wanda kuɗinsa bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa rijiyar. A garuruwanmu yau burtsatse ta zama ruwan dare: gwamnati tana haƙawa, ƙungiyoyi suna haƙawa, mai hali yana haƙa wa unguwa don neman lada ko sadaka ga iyayensa da suka rasu. Duk wanda ya ɗauki wannan aiki ya sani cewa bai kammala ba ranar da ruwa ya fito aka yi kabbara. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji, an nemi arsenik da dalma da sauran abubuwan da ido da harshe ba sa ganewa, an gaya wa masu sha sakamakon, an kuma sake aunawa bayan 'yan shekaru. Wanda ya ba mutane ruwa ya ɗauki amanar lafiyarsu, kuma gwajin yana cikin amanar.